Gani Bai Kori Ji Ba: Kundin Sani da Manhajojin Makafi

A shekarar 2006 wani matashi makaho a ƙasar Ostireliya, mai suna Michael Curran, ya zauna ya fara rubuta manhajar da za ta riƙa karanta masa duk abin da ke kan allon kwamfuta da murya. Ba da jimawa ba abokinsa James Teh, wanda shi ma makaho ne, ya sa hannu a aikin. Suka raɗa wa manhajar suna NVDA, suka kafa ƙungiyar da ba ta neman riba mai suna NV Access, suka saki aikinsu kyauta ga duk mai so. A lokacin, manhajar da ta mamaye fagen ita ce JAWS, wadda kuɗin lasisinta ke kaiwa wajen dala dubu, kuɗin da ya fi na kwamfutar da za a ɗora ta a kai. Zuwa shekarar 2019, binciken jin ra'ayi da cibiyar WebAIM ke gudanarwa tsakanin masu amfani da irin waɗannan manhajoji ya nuna NVDA ta sha gaban JAWS da ɗan ƙanƙanin rata a matsayin manhajar da masu amsawa suka fi dogaro da ita.

Wannan babban al'amari ne a tarihin kwamfuta. Makafi biyu sun karya farashin da ya tsare wa dubban 'yan'uwansu hanyar karatu da aiki. Amma wanda ya ɗauki alƙalami zai rubuta maƙala a Wikipedia game da irin wannan manhaja, nan take zai ci karo da tambayar da ake yi wa kowa: ina madogararka? Idan ya nufi manyan jaridun duniya zai tarar da abin da suka rubuta bai taka kara ya karya ba, kuma mafi yawansa labarin ban sha'awa ne game da jarumtar mutanen, ba bayanin yadda manhajar ke aiki ba. Idan ya nufi inda ainihin masanan suke, wato mujallun ƙungiyoyin makafi da shirye-shiryensu na sauti, sai wani edita da bai taɓa jin sunansu ba ya ɗaga gira ya ce waɗannan ƙananan kafofi ne, ba a san su ba.

Abin da nake son tsayawa a kai shi ne: ƙa'idar neman ingantacciyar madogara daidai take, kuma ba na goyon bayan a sassauta ta ko da ƙwayar zarra. Kuskuren yana wajen masu aiki da ita, waɗanda suka mai da shaharar jarida ma'aunin ingancinta. A wannan fage musamman, wannan ɗabi'a tana sa kundin sani ya saurari wanda bai sani ba, ya toshe kunnensa daga wanda ya sani.

Abin da ƙa'idar ta tanada

Ya kamata mu fara yi wa ƙa'idar adalci. Wikipedia, wadda aka kafa a 2001, ta ginu ne a kan cewa kowa zai iya gyara ta, har wanda bai bayyana sunansa ba. Gidan da ƙofarsa ke buɗe haka ba zai iya dogaro da rantsuwar mai shigowa ba. Saboda haka aka gindaya sharuɗɗa. Duk bayanin da za a iya yi wa musu dole a jingina shi ga wata madogara da aka wallafa, wadda mai karatu zai iya komawa ya duba. Ba a yarda edita ya shigar da sakamakon bincikensa na ƙashin kai ba, komai gaskiyarsa. Kuma kafin wani abu ya cancanci maƙala tasa ta kansa, sai an samu madogarai masu inganci, waɗanda ba su da alaƙa da shi, sun yi magana a kansa mai zurfi, ba ambato a wuce ba.

Ingancin madogara kuwa ana auna shi ne da abubuwa sanannu: shin akwai edita da ke duba abin da aka rubuta kafin ya fita? Shin kafar tana gyara kuskurenta idan ta yi? Shin tana da tarihin tantance gaskiya? Shin marubucin ya san fannin? Ƙa'idar ta kuma faɗi a sarari cewa inganci yana tafiya ne da mahalli, wato kafar da ta isa hujja a siyasa ba lallai ta isa hujja a likitanci ba. Ba ta ce dole madogara ta zama rubutacciya ba; shirin rediyo da na bidiyo da aka adana suna shiga. Ba ta ce dole kafar ta zama wadda kowa ya sani ba. Duk wanda ya ƙi mujallar ƙwararru saboda kawai bai taɓa jin sunanta ba, ƙa'idarsa ya bi, ba ta kundin ba.

Me ya sa mai ido ba ya iya auna wannan kaya da yamma ɗaya

Domin a gane inda matsalar take, sai an san yadda manhajar karanta allo ke aiki. Mutane da yawa suna zaton tana kallon allon ne kamar yadda ido ke yi, ta karanta daga sama zuwa ƙasa. Ba haka abin yake ba. Manhajar tana tambayar tsarin kwamfutar ne ta wasu hanyoyi da aka tanada domin wannan aiki, kamar MSAA da UI Automation a Windows, ko AT-SPI a Linux: wannan abin da ke nan mene ne? Maɓalli ne ko akwatin rubutu? Mene ne sunansa? A buɗe yake ko a rufe? Idan wanda ya gina shafin bai sa wa maɓallin suna ba, makaho zai ji an ce masa akwai maɓalli, ba tare da ya san ko na biyan kuɗi ne ko na soke ciniki ba.

Ƙwararren mai amfani da manhajar ba ya zama ya saurari shafi daga farko har ƙarshe. Yana tsalle daga kanun magana zuwa kanun magana da harafi ɗaya, ya buɗe jerin mahaɗan da ke shafin, ya shiga jadawali ya bi shi gida-gida, kuma sau da yawa yana sa muryar ta yi gudun da kunnen da bai saba ba zai ji kamar surutun da ba shi da ma'ana. Wannan ƙwarewa ce ta watanni da shekaru. Bambancin da ke tsakanin manhaja mai kyau da mara kyau yana ɓoye ne a cikin ƙananan abubuwa: daƙiƙa nawa take ɗauka kafin ta amsa idan an danna maɓalli, yadda take bi da jadawalin lissafi mai layi ɗari biyar, ko tana sanar da mai ita idan wani saƙon kuskure ya bayyana a can ƙasan shafi, yadda take magana da na'urar rubutun Braille da aka haɗa mata.

To, ɗan jaridar da aka ba wa kwana biyu ya rubuta labari, wanda zai kunna manhajar yana kallon allo da idonsa, me zai gano daga cikin waɗannan? Zai ji murya tana magana, abin ya burge shi, ya rubuta cewa fasaha ta share wa makafi hawaye. Sauran bayanin kuma zai kwaso shi daga takardar sanarwar da kamfanin ya aiko masa. Ba mugunta ba ce, yanayin aikin ne. Amma sakamakon shi ne labarin da ya fito a jarida mai girman suna, wanda editan kundin sani zai karɓa hannu bibbiyu, alhali ruwan da ke cikinsa daga tulun mai kayan aka ɗebo shi.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A nan karin maganar ta sha ƙasa. Wanda ya gani da ido shi ne bai san komai ba, wanda ya ji da kunne shi ne shaida.

Darasin accessiBe

Wanda yake ganin wannan zance ne na tunani kawai, ya dubi abin da ya faru da kamfanin accessiBe. Kamfanin ya yi ta tallar wata 'yar manhaja da ake liƙa wa shafin intanet, da alƙawarin cewa za ta gyara shi da kanta ya dace da ƙa'idojin da aka shimfiɗa domin naƙasassu. Alƙawarin ya yi wa masu shafuka daɗi, domin yana nufin ba sai sun biya ƙwararru sun sake gini ba. Ya tara jari mai yawa, kafofin labaran kasuwanci da na fasaha suka yi ta ambatonsa.

A daidai wannan lokaci makafi da ƙwararrun fannin suna ta kuka cewa irin waɗannan manhajoji ba sa cika alƙawari, wani lokaci ma suna rikita manhajar karanta allo su ƙara dagula shafin. A ina suke faɗin haka? A shafukansu na kansu, a shirye-shiryensu na sauti, da wata takardar matsaya da ɗaruruwansu suka sa wa hannu. A 2021 babbar ƙungiyar makafi ta Amurka da ake taƙaita sunanta NFB ta ƙi amincewa kamfanin ya kasance cikin masu ɗaukar nauyin taronta na shekara. Sai a watan Janairun 2025 hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka, FTC, ta sanar da cewa kamfanin zai biya dala miliyan 1 domin warware tuhumar yaudarar masu saye. Cikin tuhumar har da wani abu da ya kamata ya hana kowane editan kundin sani barci: hukumar ta ce an tsara wasu rubuce-rubuce da sharhuna na yabo su yi kama da ra'ayin marubuta masu zaman kansu, ba tare da an bayyana alaƙarsu da kamfanin ba.

Mai karatu ya tsaya ya auna. Tsawon shekaru, editan da ke bin kamannin madogara kawai zai ga tarin rubuce-rubuce masu kyan tsari suna yabo, ya ga wasu makafi suna ƙorafi a shafukansu. Zai karɓi na farko a matsayin hujja, ya jefar da na biyu a matsayin ra'ayin mutum ɗaya. Da ya yi haka, da ya ɗora tallar kamfani a kundin sani da sunan tsantseni. Waɗanda za su biya farashin kuwa su ne makafin da bankinsu ko makarantarsu ta sayi kayan bisa abin da ta karanta.

Inda ilimin yake

Madogaran kirki suna nan, kuma ba a ɓoye suke ba. Gidauniyar Makafi ta Amurka ta fara fitar da mujallar AccessWorld a shekarar 2000, aikinta shi ne gwada kayan fasaha da manhajoji ta hannun mutanen da da su suke rayuwa, ƙarƙashin kulawar edita. Ita dai gidauniyar ce ke da mujallar ilimi ta Journal of Visual Impairment & Blindness, wadda masana ke tace maƙalunta kafin a buga. NFB tana fitar da Braille Monitor tun shekarun 1950. A Ingila akwai cibiyar RNIB da rahotanninta. Masana kwamfuta suna da taron ASSETS na ƙungiyar ACM, wanda ake buga takardunsa bayan tantancewa. Jami'ar jihar Kalifoniya da ke Northridge tana shirya taron shekara-shekara kan fasahar taimaka wa naƙasassu tun tsakiyar shekarun 1980. WebAIM, wadda ke jami'ar jihar Utah, ta fara bincikenta na masu amfani da manhajar karanta allo a ƙarshen 2008, tana kuma maimaita shi lokaci-lokaci.

Kowace daga cikin waɗannan ta fi sanin bambancin JAWS da NVDA, ko VoiceOver na Apple da TalkBack na Android, fiye da shafin fasaha na kowace jaridar yau da kullum. Editan da ya bincika Google sau ɗaya, bai ga sunan jaridar da ya sani ba, ya yanke cewa manhajar ba ta cancanci maƙala ba, bai yi bincike ba. Ya leƙa kasuwar hatsi yana neman shanu, da bai gani ba ya ce garin babu dabbobi.

Akwai kuma ƙananan manhajoji da wannan ɗabi'a ta fi cutarwa. Orca, wadda makafi masu aiki da Linux ke dogaro da ita, an fara gina ta ne a kamfanin Sun Microsystems. Akwai Emacspeak ta T. V. Raman tun tsakiyar shekarun 1990, da BRLTTY mai haɗa na'urorin Braille da kwamfuta, da eSpeak, muryar da ke magana da harsuna masu yawa waɗanda kamfanonin kasuwa ba su ga ribar kula su ba. Ba su da ofishin hulɗa da 'yan jarida, ba su da kasafin talla. Idan ma'aunin cancanta shi ne yawan surutun da aka yi a kanka, to mai kuɗin sayen surutu ne kaɗai zai shiga kundin.

Ga masu cewa a jefar da ƙa'idar

Yanzu bari in juya ga ɓangaren da nake tausaya wa amma ban yarda da shi ba. Akwai masu cewa tunda an daɗe ana danne muryar makafi, to a karɓi duk abin da makaho ya faɗa game da kayan aikinsa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne ya san inda ɗakinsa ke yoyo. Bai zama lallai ya san na maƙwabcinsa ba, kuma yana iya kasancewa mai sayar da kwanon rufi ne ke biyansa albashi.

Wannan fage ƙarami ne, kowa ya san kowa. Ƙwararren da ya yi sharhi a kan manhaja bana yana iya zama ma'aikacin kamfaninta baɗi. Kamfanin Freedom Scientific, mai JAWS, yana da shirinsa na sauti mai suna FSCast. Shiri ne mai amfani ƙwarai, makafi ne ke magana a cikinsa, amma muryar kamfani ce, ba za ta zama shaida mai zaman kanta a kan JAWS ba. Shafin NV Access hujja ne a kan ranar da wani sabon zubi na NVDA ya fito da abin da aka ƙara a ciki, amma ba hujja ba ne a kan cewa ta fi sauran kyau. Ƙungiyoyin makafi su kansu suna karɓar tallafi daga kamfanoni a tarukansu, don haka ya halatta a tambayi wa ya ɗauki nauyin me. Ko binciken WebAIM da na buɗe wannan rubutu da shi, masu shirya shi sun faɗa da bakinsu cewa waɗanda suka ga dama ne ke amsawa, ba zaɓaɓɓen samfuri ba ne, kuma mafi yawan masu amsawar daga Arewacin Amurka da Turai suke. Wanda ya rubuta a kundin sani cewa kashi kaza na makafin duniya suna amfani da manhaja kaza, yana jingina da wannan bincike, ya yi ƙarya ko da bai yi niyya ba. Abin da zai iya rubutawa shi ne: a cikin waɗanda suka amsa binciken shekara kaza, ga abin da aka samu.

Sassauta ƙa'ida saboda tausayi wani nau'in raini ne. Yana nufin ba a sa ran ilimin makafi zai iya tsallake siraɗin da sauran ilimi ke tsallakewa. Zai iya, kuma ya sha yi.

Mu da muka tashi cikin al'adar karatun hadisi bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Malaman hadisi ba su taɓa auna mai ruwaya da girman garinsu ko kyan rigarsa ba. Sun tambayi adalcinsa da ƙarfin kiyayewarsa, daga wa ya ji, kuma ko ruwayarsa ta dace da ta sauran amintattu. Ƙatada ɗan Di'ama, malamin Basra da ya rasu wajen shekara ta 117 bayan Hijira, makaho ne tun haihuwa. Ya yi ruwaya daga Anas ɗan Malik, ruwayoyinsa suna cikin Bukhari da Muslim, an kuma san shi da kaifin hadda. Rashin ido bai sa an mai da ruwayarsa baya ba. Haka kuma bai sa an ɗaga masa ƙafa ba: masana sun lura cewa wani lokaci yakan ambaci malami ba tare da ya fayyace ko kai tsaye ya ji daga gare shi ba, suka riƙa bin diddigin irin waɗannan ruwayoyi. Sun karɓe shi a matsayin masani, suka kuma bincike shi a matsayin masani. Abin da nake nema wa madogaran makafi ke nan a kundin sani, ba ƙari ba ragi.

Tarihin da ke zubewa

Akwai dalilin da ya sa maganar ba ta jiran gobe. Tarihin wannan fasaha yana ɓacewa a gaban idonmu. Jim Thatcher ya gina wa IBM manhajar karanta allo a 1986. Ted Henter, ɗan tseren babur da ya makance a hatsarin mota a 1978, shi ya samar da JAWS, wadda ta fito a 1989, sannan zubinta na Windows ya biyo baya a 1995. Window-Eyes ta kamfanin GW Micro ta yi shekaru sama da 20 tana gogayya da JAWS, sai aka yi ta haɗe kamfanoni har ta faɗa hannun masu JAWS ɗin, aka daina sayar da ita a 2017. Mutane da yawa sun yi digiri da ita, sun riƙe aiki da ita. Idan kamfani ya rufe, shafinsa kan bi shi, littafin koyarwarsa ya ɓace, faifan sautin da aka yi bayaninsa ya zama mahaɗin da ba ya kai wa ko'ina.

A watan Yulin 2024 aka sanar da cewa za a rufe AppleVis, taskar da makafi masu amfani da kayan Apple suka shafe shekaru suna tara bayanai a cikinta game da wace manhaja ke aiki da VoiceOver, wacce ba ta yi. Sai da kamfanin Be My Eyes ya karɓe ta sannan ta tsira. Ilimin shekara da shekaru ya kusa tafiya saboda 'yan tsirarun masu aikin sa kai da ke riƙe da shi sun gaji. Kundin sani shi ne ɗaya daga cikin wuraren da irin wannan tarihi zai iya samun mafaka, amma sai idan an yarda a jingina shi ga madogaran da suka rubuta shi tun suna nan.

Sannan a tuna cewa waɗanda suka fi cancanta su rubuta waɗannan maƙaloli su ne aka fi tare wa hanya. Shekaru da yawa, wanda zai buɗe asusu a Wikipedia sai ya karanta wasu karkatattun haruffa a cikin hoto ya kwafe su, ba tare da an tanadi zaɓin saurare ba. Makaho sai dai ya nemi wani ya buɗe masa. Tsofaffin mujallu da yawa hotonsu aka ɗauka aka ɗora a intanet, wanda ga manhajar karanta allo tamkar farar takarda ce sai an bi ta wata manhajar da ke gane haruffa. Idan aka ce masu abin su kawo hujja, alhali an ajiye hujjar a inda hannunsu ba ya kaiwa cikin sauƙi, ai an yi wasa da hankali.

Namu kason

Wikipedia ta Hausa tana samun maƙaloli masu yawa ta hanyar fassara daga ta Ingilishi. Ma'anar haka ita ce duk giɓin da ke can muna gadonsa, duk tallar da ta sulale ta shiga can muna mai da ita Hausa mu ƙara mata daraja. Mai fassara da ya ga madogara a ƙasan maƙala ya kwafe ta ba tare da ya buɗe ba, ya zama mai ruwaya daga wanda bai sani ba.

Giɓinmu ma ya fi nasu faɗi. Wayoyin da suka cika kasuwanninmu, irin su Tecno da Infinix da itel, akasarinsu Android ne, don haka ga makaho a Kano ko Zinder, TalkBack ta fi kusa da rayuwarsa fiye da JAWS mai tsada. Yaya take aiki a kan waya mai ƙaramin ƙarfi? Yaya muryar da aka horar da Ingilishi ko Faransanci ke furta rubutun Hausa, me take yi idan ta iso ƙ da ɗ da ɓ? Manhajojin bankunanmu suna barin makaho ya tura kuɗi shi kaɗai, ko sai ya miƙa wa wani wayarsa da lambar sirrinsa? Waɗannan tambayoyi suna da amsa, kuma amsar tana bakin makafin da ke fama da su kullum. Nijeriya tana da makarantar makafi a Gindiri tun 1953, ta amince da yarjejeniyar Marrakesh ta sauƙaƙa wa makafi samun littattafai a 2017, an kuma sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu wariya a Janairun 2019. Duk da haka, idan jaridunmu suka tuna da makafi, galibi labarin rabon tallafi ne: wane ya ba da buhu nawa, hoto ya nuna ana miƙa sanda. Irin wannan labari ba ya zama madogarar komai sai alherin mai bayarwa.

A 2011 Achal Prabhala ya jagoranci wani gwaji a Indiya da Afirka ta Kudu, inda aka naɗi hirarraki da mutane a kan abubuwan da ba a rubuta ba, da nufin a jingina maƙalolin Wikipedia gare su. Hanyar ba ta samu karɓuwa a matsayin ƙa'ida ba, kuma ina ganin dalilin a fili yake: kundin sani ba zai iya zama mai tara shaida kuma mai tace ta a lokaci guda ba. Dole wani ya tsaya a tsakani ya yi aikin tacewa. Wannan wanin kuwa mu ne, masu karanta irin wannan rubutu.

Editan jarida zai iya ba ƙwararren makaho shafi ya gwada manhajojin bankuna biyar, ya faɗi wayar da ya yi amfani da ita da zubin manhajar da ranar gwajin, a tace a buga. Malamin sashen ilimin masu buƙata ta musamman, a Bayero ko a Jos, zai iya sa ɗalibinsa ya yi bincike a kan haka, ya kuma tabbata an wallafa shi a tsarin da manhajar karanta allo za ta iya bi. Gidan rediyon da ya yi hira da masani ya adana shirin a inda za a same shi bayan shekara goma, da suna da kwanan wata. Editan Wikipedia kuma, kafin ya nemi a goge maƙala, ya buɗe AccessWorld da takardun ASSETS ya duba, kuma idan ya cika sharuɗɗa ya nemi shiga ɗakin karatun da gidauniyar Wikimedia ta tanadar wa editoci, inda ake samun mujallun da ake biya kyauta.

Ga kowace madogara, tambayoyin ba su wuce huɗu ba: wa ya rubuta, da manhajar yake aiki ko kallonta ya yi, wa ya tace rubutun, kuma wa ya biya? Duk kafar da ta amsa su da kyau ta shiga, ko da masu karanta ta dubu biyu ne. Wadda ta kasa kuwa ta tsaya a waje, ko da sunanta ya cika duniya.